Farar beyar da dokar Amurka: in ƙanƙara ce ke narkewa, wa za a kama?

Malam Nasiru Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata tambaya da ta tsaya mini a maƙogwaro tun shekaranjiya. Ina yi wa 'yan aji biyar darasin sauyin yanayi, sai na kawo musu hoton farar beyar, dabbar nan ta can ƙuryar arewacin duniya, tana tsaye a kan wani guntun ƙanƙara da bai fi tabarma biyu ba, ruwa ya kewaye ta. Na ce musu tun 2008 Amurka ta sa ta cikin dokar kare halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Sai wata yarinya a bencin baya, wadda ko magana ba ta cika yi ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in ƙanƙarar ce ke narkewa, wa za a kama?" Aji ya fashe da dariya, ni ma na dara, aka kaɗa ƙararrawa na samu na tsira. Amma da na koma gida na zauna, na ga ashe ba ni da amsa. Barista Hadiza, in kina kusa ki taimaka, ranar Litinin zan koma ajin.

Alhaji Ɗanliti Kwari:
Malam kai ma dai. Rana na gasa mu a Kano, ba wuta, ƙanƙarar da za a jefa a randa sai an bi layi, kai kuma kana nan kana jajen ƙanƙarar Turawa. Ta narke mana, a turo mana ruwan.

Hajiya Mairo:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka bari a yi magana, ba kullum sai farashin atamfa ba.

Barista Hadiza Zariya:
Wa alaikumus salam Malam. Yarinyar nan ku riƙe ta da kyau, lauya ce ta gobe. Tambayar da ta yi ita ce dai abin da manyan lauyoyin Amurka suka shafe shekaru suna kai-komo a kotu a kansa.

Bari in fara da dokar kanta. A ƙarshen 1973 Shugaba Nixon ya sa mata hannu. Tana da matakai biyu: halittar da ke gab da ƙarewa, da kuma wadda ba ta kai can ba amma ana hangen za ta kai nan gaba. A mataki na biyu aka ajiye farar beyar. Haƙoran dokar kuwa suna wuri biyu ne. Sashe na 9 ya hana kashewa, ko raunatawa, ko takura wa dabbar da aka sa a jerin. Sashe na 7, wanda shi ne 'yan kasuwa suka fi tsoro, ya ce duk wata ma'aikatar gwamnatin tarayya da za ta ba da lasisi ko kuɗin wani aiki, dole ta fara tuntuɓar hukumar kula da namun daji, a tabbatar aikin ba zai jefa dabbar cikin halaka ba.

Kada ku ɗauka dokar ado ce. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta tsayar da madatsar ruwa ta Tellico a jihar Tennessee, wadda aka kusa kammalawa bayan an narka mata miliyoyin daloli, saboda wani ɗan kifi da bai wuce tsawon yatsa ba. Sai da majalisa ta yi wata doka ta musamman aka iya ƙarasa aikin. To wannan ƙarfin masu rajin muhalli suka hango. A watan Fabrairun 2005 wata ƙungiya mai suna Center for Biological Diversity ta shigar da buƙatar a sa farar beyar a jerin, daga baya Greenpeace da wasu suka mara mata baya. Lissafinsu a fili yake: in gwamnati ta amsa da bakinta cewa narkewar ƙanƙara ce ke barazana ga dabbar, kuma hayaƙi ke narkar da ƙanƙarar, to duk tashar lantarki mai ƙona kwal da ke neman lasisin tarayya sai ta bi ta sashe na 7, ko da tana Texas ne, dubban kilomitoci daga Alaska.

Gwamnatin Bush ta yi ta jan ƙafa har sai da kotu ta gindaya mata wa'adi. A watan Mayun 2008 Sakataren Harkokin Cikin Gida, Dirk Kempthorne, ya fito ya sanar an sa ta. Amma a zama guda ya ce ba za a yi amfani da wannan mataki wajen ƙayyade hayaƙi ba, kuma aka haɗa da wata ƙa'ida ta musamman ƙarƙashin sashe na 4(d), mai cewa abin da aka yi a wajen yankin da dabbar ke rayuwa ba za a lissafa shi a matsayin cutar da ita ba. A watan Oktoba kuma babban lauyan ma'aikatar, David Bernhardt, ya rubuta fatawarsa: tunda ba a iya bin sawun hayaƙin wata masana'anta guda har zuwa kan wata beyar guda, babu buƙatar a yi tuntuɓar sashe na 7 a kan hayaƙi.

Saboda haka Malam, amsar ɗalibarka a doka ita ce: ba wanda za a kama.

Malam Nasiru Gwale:
Ikon Allah. Wato likita ya rubuta sunan cutar a kati, sannan ya buga hatimi cewa kada kemis ya ba da maganin. To da Obama ya hau fa? Ai na ɗauka shi mai goyon bayan muhalli ne.

Barista Hadiza Zariya:
Majalisa ta ba sakatarensa, Ken Salazar, dama ya soke ƙa'idar cikin sauƙi. A watan Mayun 2009 ya ce zai bar ta yadda take. Hujjarsa ba ta da nisa da ta Kempthorne, cewa wannan doka ba ita ce makamin yaƙar ɗumamar yanayi ba. Jam'iyya ta sauya, magana ba ta sauya ba.

Alhaji Ɗanliti Kwari:
Ashe su ma sun iya irin tamu. Ni fa abin da ban gane ba, dabba ce ko kifi? In ƙanƙara ta narke ta hau tudu mana, ƙasa ta ƙare ne?

Dakta Bala Haɗeja:
Alhaji tambayarka ta fi ta raha nauyi. Ita wannan dabba ƙanƙarar teku ce gonarta. Abincinta wata dabbar ruwa ce da ake kira sil, mai kama da ayu, jikinta duk kitse. Sil na zaune a ƙarƙashin ƙanƙara, amma numfashi take kamar ni da kai, don haka tana da 'yan ramuka da take leƙowa ta shaƙi iska. Beyar sai ta kwanta a bakin ramin, shiru, wani lokaci sa'o'i, har sil ta leƙo ta fizgo ta. A cikin ruwa tsaba ba ta iya kamo sil, sil ta fi ta iyo nesa ba kusa ba. Ka ga in ba ƙanƙara, abincin yana nan amma ba wurin tsayawa a kama shi.

Yawancin kitsen da za ta rayu a kai duk shekara a watannin da sil ke haihuwa take tara shi, wajen Afrilu zuwa Yuni. A Mashigin Hudson na Kanada ƙanƙarar kan narke ƙarƙaf duk shekara, sai su hau tudu su yi zaman jira na kusan wata huɗu, kullum jiki na zubewa wajen kilo guda. Mace mai ciki kuwa tata ta fi tsanani. Ita ba ta komawa teku in ƙanƙara ta dawo, rami take shiga, ta haihu a ciki wajen Nuwamba ko Disamba, 'ya'yan ko kilo ɗaya ba su kai ba, ta yi ta shayar da su daga kitsen jikinta har Maris. Takan kai wata takwas ba ta sa komai a baki ba. To yanzu ka ƙara mata sati uku ko huɗu a kan wannan azumi, wanda shi ne abin da ya faru a yankin tun daga shekarun 1980. Manyan maza masu kilo 500 za su jure. Nonon uwa ne ke fara ƙafewa, ƙanana su fara mutuwa.

Ga ƙidayar yammacin Mashigin Hudson: wajen 1,200 a ƙarshen shekarun 1980, 842 a 2016, 618 a 2021.

Alhaji Ɗanliti Kwari:
Yunwa ai ba ta zaɓe. Ta ci ciyawa, ta ci ƙwan tsuntsu.

Dakta Bala Haɗeja:
Tana ci. An ma gwada abin. Masu bincike sun ɗaura wa guda 20 kyamara a wuya a lardin Manitoba, aka fitar da sakamakon a 2024. Sun ci 'ya'yan itatuwa, sun ci ciyawa, sun ci mushen tsuntsaye, wasu kuma suka kwanta kawai don adana ƙarfi. Guda 19 duk sun rame. Ɗayar da ta yi ƙiba, mushen dabbar ruwa ta tsinta. Kamar ka ɗauki ɗan dako ne ka ce ya rayu a kan goriba.

Injiniya Tukur:
Ku yi haƙuri, ni zan zama baƙin cikin taron. Abu biyu ke damuna.

Na farko, ana cewa akwai kusan 26,000 a duniya yau. Ana kuma cewa sun fi yadda suke a shekarun 1960. Dabbar da yawanta ya ƙaru, ta yaya za a sa ta a jerin masu ƙarewa? Ba a kan abin da ya faru aka sa ta ba, a kan hasashen kwamfuta aka sa ta. Jihar Alaska kanta, lokacin Gwamna Sarah Palin, kotu ta je tana ƙalubalantar matakin.

Na biyu, kun tuna bidiyon nan na 2017 da ya zagaye duniya, na wata beyar ƙashi da fata tana jan ƙafa tana tonon shara? Mujallar National Geographic ta yaɗa shi da cewa ga sauyin yanayi ido da ido. Bayan wasu watanni suka dawo suka amsa cewa sun wuce gona da iri, ba wanda ya san abin da ke damun dabbar, ƙila ciwo ne ko tsufa. Amma kafin nan an riga an tara kuɗi da hotonta. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Dakta Bala Haɗeja:
Injiniya, a kan bidiyon ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Dabba ɗaya ba hujja ba ce, kuma irin wannan zuzutawa ita ke sa mutane su daina yarda ko da an zo da gaskiya.

Amma a kan yawansu ka haɗa cuta biyu wuri guda. Wancan karon bindiga ce ke cinye su, ana bin su har da jiragen sama ana harbi. Tarayyar Sobiyet ta hana farautarsu a 1956. A 1973 ƙasashe biyar da ke da su, Kanada da Amurka da Norwe da Denmak, saboda Girinlan, da Sobiyet, suka sa hannu a yarjejeniya a Oslo, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Aka ajiye bindiga, suka farfaɗo. Wannan nasara ce, amma ta maganin waccan cuta.

Yanzu kuwa tauraron ɗan'adam na auna ƙanƙarar tun 1979. A ƙarshen lokacin narkewa na 1980 abin da ya rage ya haura murabba'in kilomita miliyan 7. A Satumban 2012 ya sauko miliyan 3.4. Wannan ba hasashe ba ne, awo ne. Gaskiya ne ba ko'ina suke raguwa ba. An raba su garke-garke wajen 19 zuwa 20, kuma na tekun Chukchi, tsakanin Alaska da Rasha, da aka ƙidaya su kusan 3,000 ne kuma jikinsu da kyau, don tekun na da albarkar abinci. Amma maƙwabtansu na kudancin tekun Beaufort sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari tsakanin 2001 da 2010, suka koma wajen 900. Inda ƙanƙara ta fara janyewa, nan ake fara gani.

Barista Hadiza Zariya:
In ƙara wa Injiniya, hasashen da kake ƙorafi a kai dokar ce da kanta ta nema. Ma'anar mataki na biyu ke nan, abin da ake hangen zai faru. Alƙali Emmet Sullivan ya tabbatar da matakin a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta sake tabbatarwa a 2013. Alaska ta sha kaye, haka ma ƙungiyoyin da suka ce a ɗaga ta zuwa mataki na farko. A 2012 ma har sil ɗin da take ci, iri biyu, aka sa a jerin da hujja iri ɗaya.

Auwalu Winnipeg:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe ina karantawa, na ce bari in sa baki tunda ni nake lardin da ake magana. Nan gidan namun daji na Assiniboine da ke Winnipeg akwai su, an yi wata hanya ta gilashi a ƙarƙashin ruwa, kana tafiya suna iyo a samanka. Ranar da na je wata ta zo ta dafa gilashin daidai kaina. Wallahi tafin ƙafarta ya kai faifai, ga gashi har a tsakanin yatsu, ga farata baƙaƙe. Yaran Turawa na ta ihun murna, ni kuwa sai da na ja da baya ina salati, duk da na san akwai gilashi. Duk wanda ya ce muku abar tausayi ce kawai, bai tsaya kusa da ita ba.

Garin da suka fi yawa shi ne Churchill, can arewa a bakin mashigin. Mota ba ta zuwa, sai jirgin sama ko jirgin ƙasa na kusan kwana biyu. Wajen Oktoba da Nuwamba suke taruwa a gefen garin suna jiran ƙanƙara ta daskare. Akwai ma wani gini da mutanen garin ke kira gidan yarin beyar. Duk wadda ta matsa wa gari sai a kama ta a kulle, har zuwa wata guda, ba a ba ta abinci sai ruwa, don kada ta saba cewa wurin mutane akwai ci. In ƙanƙara ta kama a sake ta, ko a ɗauke ta da jirgi mai saukar ungulu a kai ta nesa.

Abin da nake so in kawo shi ne ɓangaren da ba a cika ji ba. Muna da wani abokin karatu ɗan ƙabilar Inuit daga yankin Nunavut. In ka ce masa beyar na ƙarewa, dariya yake yi mai ɗaci. Ya ce a garinsu yara ba sa fita wasa sai da babba riƙe da bindiga. A 2018 an kashe mutum biyu a Nunavut cikin 'yan makonni, ɗaya yana kare 'ya'yansa ne. Su a wurinsu dabbar ta yi yawa. Masana kuma na cewa ganinsu da yawa a gari ba ya nufin sun ƙaru, yunwa ce da rashin ƙanƙara ke koro su. Ni dai ban isa in raba wannan gardama ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sannan ga maganar kuɗi. Kanada ce ke da kusan kashi biyu cikin uku na dukan beyar duniya, kuma tana ba ƙauyukan Inuit ƙayyadadden adadin da za su farauta duk shekara. Suna iya sayar da wani kaso ga baƙi masu farautar nishaɗi, su yi musu jagora da keken karnuka. Yawancin baƙin Amurkawa ne. Da aka sa dabbar a jerin 2008, nan take aka hana shigo da fatarta Amurka, kasuwar ta faɗi. Abokin nan nawa ya ce, su da ko masana'anta ɗaya ba su da ita, su aka fara cirewa daga abinci.

Hajiya Mairo:
Allah sarki. Auwalu Allah ya tsare, ka daina zuwa kusa da gilashin nan. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Barista Hadiza Zariya:
Hajiya kin faɗi abin da na yi ta kewaye-kewaye ban faɗa ba. Duba ki gani: tun 1972 wata doka ta daban, ta kare dabbobin teku masu shayarwa, ta riga ta hana farautar beyar a Amurka, in ban da 'yan asalin Alaska masu yi don ci da sutura, kuma har yau an bar musu. Don haka sabon abin da matakin 2008 ya kawo nan take, wanda za a nuna da yatsa, shi ne wannan hana shigo da fata da Auwalu ya faɗa. Amurka ma ta so ta ƙara gaba, ta nemi a haramta cinikin fatar a duniya baki ɗaya ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙayyade cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, a Doha a 2010 da Bankok a 2013. Duka biyun aka kayar da ita, Kanada da Inuit suka tsaya kai da fata.

Isufu Yamai:
Sannunku da hira. Ni abin ya tuna mini da raƙuman dawanmu na Kure, nan kilomita 60 da Yamai. A 1996 saura 49 kacal suka rage, su ne na ƙarshen irinsu a Afirka ta Yamma. Gwamnati ta tsaurara hana kashe su, aka sa masu gadi, aka jawo mutanen ƙauyukan cikin harkar, yanzu sun haura 600. Doka ta yi aiki don mai laifin yana da fuska: ga mafarauci, ga mai saran itace, ka kama shi ka kai shi gaban alƙali. Irin wannan ɓarna aka yi wa dokar Amurka ɗinki daidai jikinta. Shi kuwa hayaƙi ba shi da gida balle a kai masa sammaci.

Injiniya Tukur:
To Malam Isufu ka zo inda nake. Shi ya sa na ce Kempthorne bai yi laifi ba. A ce wani ma'aikacin hukumar namun daji, wanda ba wanda ya zaɓe shi, shi zai yanke ko za a gina tashar lantarki a ƙasa mai mutum sama da miliyan 300? Wannan aikin majalisa ne. Kuma ko Amurka ta rufe tashoshinta duka, Sin na can na ƙona kwal fiye da kowa. Ƙanƙarar ba ta tambayar hayaƙi fasfo.

Barista Hadiza Zariya:
Rabin maganarka na karɓa. Gaskiya ne ba don wannan aka rubuta dokar ba, kuma ko ni ce alƙali zan ji nauyin tsayar da tattalin arzikin ƙasa da sashe guda. Amma Injiniya ka lura, sashe na 7 bai ce a rufe ba, cewa ya yi a auna, a rubuta, a nemi hanyar rage ɓarna. Abin da fatawar Bernhardt ta yi shi ne hana ko aunawar. Nan nake da ja.

Kuma hujjar tasa ta tsaya ne a kan cewa kimiyya ba ta iya haɗa hayaƙi da dabbar. Akwai wani masani, Steven Amstrup, shi ya jagoranci binciken gwamnati na 2007 da ya ce ana iya rasa kashi biyu cikin uku na beyar duniya zuwa tsakiyar wannan ƙarni, binciken da aka dogara da shi wajen sa ta a jerin. A 2023 shi da Cecilia Bitz suka fitar da takarda a mujallar Science, suka nuna lissafin yadda tarin hayaƙi ke ƙara kwanakin azumin dole, da yadda kwanakin ke rage 'ya'yan da ke rayuwa. Da gangan suka yi ta don toshe wancan giɓi. Ko kotu za ta karɓa, wannan wata magana ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne takardar shirin ceto dabbar da hukumar namun dajin ta fitar a farkon 2017. Da hannunta ta rubuta cewa abu mafi muhimmanci shi ne rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wato hukumar da aka ɗora wa ceton ta rubuta cewa ceton ba ya hannunta.

Malam Nasiru Gwale:
To Barista, in ce wa yaran dokar ba ta tsinana komai ba ke nan?

Barista Hadiza Zariya:
A'a Malam, kar ka zalunce ta. A 2010 an ware mata yanki mai muhimmanci a Alaska, murabba'in mil 187,000, ya ɗara rabin Najeriya, kodayake kusan duka ƙanƙarar teku ce. Kamfanonin mai da jihar suka kai ƙara, wata kotu ta soke a 2013, ta sama ta dawo da shi a 2016. Ba gandun daji ba ne da ake hana shiga, amma duk aikin tarayya a ciki sai an tuntuɓa. Masu haƙar mai a arewacin Alaska dole su nemi ramukan haihuwa kafin su shiga da manyan motoci lokacin sanyi, in an gano rami a bar masa tazarar mil guda.

Dakta Bala Haɗeja:
In an gano ɗin. Ramin a ƙarƙashin dusar ƙanƙara yake, ba ƙofa ba alama, da kyamara mai jin ɗumin jiki ake nemansa daga jirgi. Wani bincike na 2020 ya nuna abin da kyamarar ke ganowa bai kai rabi ba.

Barista Hadiza Zariya:
Haka ne. Kuma a watan Maris na 2023 gwamnatin Biden ta amince wa kamfanin ConocoPhillips da aikin haƙar mai na Willow a wannan arewacin Alaskan, mai kusan ganga miliyan 600. An duba ko motocinsu za su tayar da uwa daga rami. Abin da man zai yi wa ƙanƙarar bayan an ƙone shi kuwa, wannan ba ya cikin abin da sashe na 7 ya auna.

Injiniya Tukur:
Mu ma da za mu samu Willow a Kolmani ai rawa za mu taka. Kar mu yi munafunci.

Hajiya Mairo:
An kira magariba a nan. Sai da safe, Allah ya ba mu alheri.

Malam Nasiru Gwale:
Jama'a barkanmu da Litinin. Na koma ajin yau, na kwashe duk abin da kuka faɗa na zayyana musu, har da tafin ƙafa mai girman faifai, wanda shi ya fi burge su. Na ce wa yarinyar amsar tambayarta ita ce ba a kama kowa ba. Ta yi shiru, ta rubuta. Can har na juya ina goge allo sai ta sake ɗaga hannu, ta ce, "Malam, hayaƙin janareton gidanmu ma yana zuwa can?"

Dakta Bala Haɗeja:
Ka ce mata eh, yana zuwa, iskar kabon na gauraya a sararin duniya duka cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Amma ka haɗa mata da ma'auni: cikin duk abin da aka tara tun farkon zamanin masana'antu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Amurka ne ita kaɗai, Afirka gaba ɗayanta wajen kashi 3 cikin ɗari.

Alhaji Ɗanliti Kwari:
Yauwa. Malam ka gaya mata ta bar janaretona ya sha iska, firjin shago yake ja. Kuma Barista, tunda 'yar Kano ce ta fara gano bakin zaren, ku Zage-zagi sai ku zo ku ɗauki darasi.

Barista Hadiza Zariya:
In ta gama sakandare ai wurinmu za ku kawo ta karatun lauya, Alhaji. Malam, ka tambaye ta ko tana da littafin da take so, zan aiko ta hannun direban Kano ranar Alhamis.